Ina zan samu lokotoron cututtuka masu yaɗuwa da zai karɓi takardar gwamnati a Maraɗi?

Baban Halima: Assalamu alaikum ƴan zaure. Don Allah wanda ya sani ya taimaka mini da shawara. Ni malamin makaranta ne, ina zaune unguwar Zariya. Yau wata biyu da ƴan kwanaki uwargidana tana fama da masassara. Da safe garau take tashi, ta yi shara ta dama koko, amma la'asar na yi sai jiki ya ɗau zafi, cikin dare kuma gumi har sai ta canja zane. Ta rame ƙwarai, awarwaron hannunta yanzu har gwiwar hannu yake zamewa. Sati uku da suka wuce wani ƙululu ya fito mata a gefen wuya, ba ya ciwo. Sau uku muna zuwa wata kilinik mai zaman kanta, sau uku ana ɗibar jini a ce tifoyid ce, a rubuta ordonansi. In ta sha magani sai ta ji dama kamar kwana goma, sannan abu ya dawo. Na kashe sama da jika 70. Wani abokin aikina ya ce lokotoron cututtuka masu yaɗuwa ya kamata ya gan ta, wanda ake ce wa anfeksiyolog. To ni dai albashi ya ƙare. Ina da haƙƙin firizanshaj, wato takardar da gwamnati ke ɗaukar wani kaso na kuɗin jinya da ita, a matsayina na ma'aikacin gwamnati, amma da na yi maganarta a kilinik ɗin sai suka ce ba su aiki da ita. Akwai irin wannan lokotoro a Maraɗi da ke karɓar takardar?

Hajiya ta Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Subhanallahi. Allah ya ba ta lahiya Mushe, Allah ya sa kaffara ne. Yara nawa gare ku?

Baban Halima: Amin Hajiya, na gode. Uku ne. Ƙaramar shekararta biyu, ba a daɗe da yaye ta ba.

Alhaji mai Jibiya: Mushe kada ka ɓata lokaci da takarda. Ka sa ta mota ka kai ta Katsina ko Kano, yini guda an gane abin da ke damunta. Ni haka nake yi da iyalina. Takardar gwamnati sai ka yi sati kana yawon sa hannu, mara lafiya yana kwance.

Baba Majo: Alhaji a yi haƙuri, ban yarda da wagga shawara ba. Mutum ya ce maka albashi ya ƙare, kai kuma ka ɗora mishi kuɗin mota, da canjin naira, da masauki, ga shi can babu wanda ya san takardar tashi. Mushe, saurara ɗana. Na yi shekara sama da talatin ina aikin jinya kafin in aje. Tambayar taka ce ta zo a karkace. Nan ƙasar ba lokotoro ke karɓar firizanshaj ba, asibiti ke karɓar ta. Lokotoro guda, in ka same shi da sahe a asibitin gwamnati takardarka tana aiki, in ka bi shi da marece wata kilinik inda yake duba mutane, kuɗi za ka ƙirga. Saboda haka ka daina neman suna, ka nemi ƙofa. Ƙofar kuwa babban asibitin jiha ne, wanda muke ce wa CHR. Akwai sashen cututtuka masu yaɗuwa a can, kuma tun da anka buɗe tsangayar likitanci a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo malamanta suna duba marasa lahiya a asibitocin garin nan. Ga kuma asibitin Referansi. Ba sai ka je Yamai ba, balle Kano.

Baban Halima: Baba Allah ya saka da alheri. Kai tsaye zan kai ta ko sai na bi ta wani wuri?

Baba Majo: Ka fara ta CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ka tahi da ita da dukkan takardun analis da ordonansi ukun nan, kada ka bar ko guda. Ka gaya wa majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, labari tun farko kamar yadda ka gaya muna, ya rubuta muku takardar turawa. Da ita za ka isa ga ƙwararre ba tare da an yi ta maido ka ba.

Sakatare: Bari in sa baki kan takardar, tunda aikina ne cika ta. Abin da gwamnati ke ɗauka wa ma'aikacinta kashi 80 cikin 100 ne, kai ka biya 20. A kan kwanciya asibiti da gwaje-gwaje take aiki, a asibitocin gwamnati. Maganin da za ka saya a farmasi na cikin gari daga aljihunka ne, wannan ka sa shi a lissafi tun yanzu. Tunda matarka ce ba kai ba, ka haɗa takardar aure ta meri, da takardar albashinka ta watan ƙarshe mai lambar matirkil, da katin ɗan ƙasa naku duka, kowanne ka yi fotokofi biyu. Ka tambayi ofishin da ke kula da ma'aikata a ansifeksiyonku, su za su nuna maka inda ake sa hannu. Inda mutane ke maƙalewa kullum takardar aure ce. An ɗaura aure a masallaci shekara goma, ba a taɓa zuwa meri ba, sai ranar da ciwo ya zo.

Baban Halima: Alhamdu lillahi wannan ina da ita, na yi ta lokacin da nake neman kuɗin yara.

Alhaji mai Jibiya: To kun ji ko? Fotokofi biyu, sa hannu, ansifeksiyo. Abin da na ce ke nan. A Najeriya ma'aikaci kati gare shi na inshora, ya miƙa a duba shi, ko magani kashi 10 kawai yake biya.

Sakatare: Alhaji wannan tsarin su ne, NHIA, hukumar inshorar lafiya ta Najeriya, kuma na ma'aikacin da aka yi wa rajista ne a can. Malamin Maraɗi in ya je Katsina baƙo ne, ko sisi ba za a rage mishi ba. Ban ce namu ba shi da wahala, ni na fi kowa sanin wahalarsa. Amma ba sai ya jira takarda kafin ya kai ta ba. Ya kai ta gobe, ya biya kuɗin ganin likita, takarda ta biyo baya don gwaje-gwaje masu tsada da kwanciya idan ta kama. Kuma ku tuna tun 1 ga Satumba 2024 an rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, ganin likita da analis da kwanciya duka.

Malam Ɗan Goulbi: An rage a takarda. Je ka ga ko maganin yana nan. Tun 2006 ake ce mana yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma sau nawa ka kai yaro aka ba ka ordonansi aka ce babu, je ka saya? Gwamnati ba ta biyan asibitoci bashin kyautar a kan kari, shi ya sa kantar magani ke zama wayam. An kafa INAM, hukumar da ke kula da biyan asibitoci kuɗin jinyar kyauta, don a gyara wannan, muna dai jira mu gani a ƙasa. Ni ina ganin a daina ruɗin talaka da kalmar inshora. Mafi yawanmu a zauren nan, ɗan kabu-kabu, mai teburi, manomi, ba mu da komai. Ko CNSS, asusun da ake cire wa ma'aikatan kamfani kuɗinsa a albashi, kuɗin iyali ne da haɗarin aiki da fansho, ba ta biya maka in masassara ta kwantar da kai.

Baba Majo: Malam gaskiyarka, ban musa ba. Na sha tsayawa gaban uwa da yaro a hannu ina jin kunyar ce mata babu. Amma yau maganar matar Mushe muke, kuma akwai abin da nake so in ji. Mushe, tana tari?

Baban Halima: Ɗan tari-tari ne Baba, busasshe, ba mai yawa ba. Mun ɗauka ƙurar hunturu ce shi ya sa ban ma faɗa ba.

Baba Majo: Tun yaushe?

Baban Halima: Na tambaye ta yanzu. Ta ce ya riga masassarar ma.

Ɗalibar likitanci: Assalamu alaikum iyayena. Ni ɗaliba ce, ban isa in faɗi ciwon wanda ban gani ba, amma na gane inda Baba Majo ya dosa, kuma ina roƙon Kawu ya karanta wannan da kyau. Tarin da ya wuce sati biyu, masassarar marece, gumin dare, rama, da kaluluwa a wuya, duk wanda ya zauna aji an koya masa ya fara neman tarin fuka. Gwajin da ake ta yi mata na tifoyid, in Widal ne, ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. A ƙasa irin tamu mutane da yawa jininsu zai nuna alama saboda sun taɓa haɗuwa da ƙwayar a baya, ko saboda wani ciwon daban. Abin da ke tabbatar da tifoyid shi ne a shuka jinin a labo a ga ƙwayar ta tsiro. Kawu don Allah duba ordonansin, akwai ciprofloxacine ko ofloxacine a ciki?

Baban Halima: Akwai ƴata. Ciprofloxacine sau biyu, na ukun allura ce.

Ɗalibar likitanci: To wannan yana iya zama dalilin da take jin dama kwana goma abu ya dawo. Wannan dangin maganin yana taɓa ƙwayar tarin fuka, ya kwantar da ita na ɗan lokaci, amma shi kaɗai ba ya kashe ta. Illarsa biyu: yana ɓoye ciwon a makara ba a gane ba, kuma yana iya koya wa ƙwayar jure magani. Kada ta ƙara shan wani maganin ƙwayoyin cuta sai an gwada majinarta. Akwai na'urar GeneXpert, cikin kamar awa biyu tana nuna ko akwai ƙwayar, ta kuma nuna ko tana jin rifampicine, ɗaya daga manyan magungunan tarin fuka. A yi mata radiyon ƙirji. Ƙululun ma ana iya tsotso ruwansa da allura a gwada.

Hajiya ta Sabon Gari: Kai ƴar nan, ki bi a hankali, kin tsorata bawan Allah. Tarin huka hwa kika ce.

Baba Majo: Hajiya ba abin tsoro ba ne, in ma shi ne to an samu sauƙi. Ciwon da ba a san sunanshi ba shi ke cinye gida. Tarin huka yana warkewa, kuma maganinshi kyauta ne ga kowa, ma'aikaci da manomi, ba ruwanshi da firizanshaj. Wata shida ne: wata biyu na farko magani huɗu a haɗe cikin ƙwaya guda, wata huɗu na baya magani biyu. Ko irin wanda ya ƙi jin magani ana kula da shi nan Maraɗi, ba a tura mutum waje. Wanga shi ne abin da nake so ƴan zaure su riƙe, har da Malam Ɗan Goulbi da ya ce ba mu da komai. A cututtukan ga masu yaɗuwa, sunan ciwon ke faɗin wanda zai biya. Tarin huka, kyauta. Maganin sida, kyauta. Kuturta, kyauta, ga asibitin Danja nan kusa. In kwalara ta ɓarke kamar yadda ta yi a Madarunfa a 2018, ko sanƙarau, ana buɗe wurin jinya ba a karɓar ko dala. Inda kuɗi ke tahiya shi ne kafin a gano sunan. Nan takardar Mushe za ta yi mishi rana, a radiyo da eko, wato hoton cikin jiki, da analis.

Sannan abu guda, kuma ka ji shi daga bakina kafin ka ji a can. Duk wanda anka samu da tarin huka ana yi mishi gwajin sida. Ka'ida ce, ga kowa. Ni shawarata ku yi ku biyu tare.

Alhaji mai Jibiya: Haba Baba! Wannan magana ba ta zaure ba ce. Matar aure, uwar ƴaƴa, a gaban mutum sama da ɗari kana kiran wannan ciwo? Ai sai a ja mata zargi.

Maman Biyu: Alhaji da girmanka, wannan shirun ne ke kashe mu. Ba wanda ya zargi kowa. Ni duk cikin da na yi sai da aka yi mini gwajin a awo, ban ga abin da ya ragu a jikina ba. Baba ya faɗa ne don kada Mushe ya je ya ji an ambata ya ɗauki matarsa ya gudu, kuma na san waɗanda suka yi hakan.

Alhaji mai Jibiya: Ban hana gwaji ba. Na ce akwai maganar da ake ja mutum gefe a gaya masa.

Baba Majo: Na karɓi gyara Alhaji, da na bi shi ta waya ya fi. Amma na ga yadda ake mutuwa saboda an ja gefe an yi shiru, shi ya sa bakina ya saba. Mushe in na ɓata maka rai ka yafe ni.

Baban Halima: Wallahi Baba ba ka ɓata mini ba. Uwar ƴaƴana ce, shekara goma sha ɗaya muna tare. Duk gwajin da za a yi mata ni zan fara miƙa hannu.

Mai kula da zaure: Madalla. A bar wannan a nan don Allah, kuma kada wanda ya ɗauki hoton hirar nan ya kai wani zaure.

Maman Biyu: Tunda ana maganar wanda ke biya, bari in faɗi nawa, don lissafin Baba bai haɗa da mu ba. Maigidana ciwon hanta gare shi, irin na B. An gano ne ranar da ya je ba ƙanwarsa jini. Shi ma ma'aikaci ne, shi ma ƙwararren asibitin gwamnati ke duba shi, kuma ba mu da abin cewa sai godiya. Amma wannan ciwo ba shi cikin na kyauta. Gwajin yawan ƙwayar a jini, gwajin aikin hanta, eko, duk bayan wata shida ko shekara sai an sake. Tenofovir kullum ƙwaya ɗaya, kuma an gaya mana kada a kuskura a tsaya don hanta na iya tashi. Abin da ke ci mini rai, wannan maganin yana cikin haɗin da ake ba masu sida kyauta, mu kuwa saye muke. Takarda tana rage mana gwajin da ake yi cikin asibiti, amma duk wanda aka ce sai labo na waje ko sai an aika Yamai, namu ne. Na shiga adashi musamman don wannan. Kafin mu kai ga likita kuwa, wata takwas ya yi yana shan jiƙe-jiƙen masu maganin shawara, jarka-jarka, har ƙafafunsa suka fara kumbura. In na tuna sai in ji hawaye.

Ɗalibar likitanci: Allah ya ƙara sauƙi Anti. Ke da yara an gwada ku?

Maman Biyu: An gwada. Ni babu, an yi mini rigakafi allura uku. Yara sun samu tasu tun suna jarirai cikin allurar penta.

Malam Ɗan Goulbi: Kun ga abin da nake faɗi. Ma'aikaci ke nan mai takarda, matarsa na adashi don magani. Ina ga wanda ya zo daga Dakoro ko Mayahi da kuɗin akuya guda a aljihu?

Sakatare: A asibiti akwai ofishin sosiyal na marasa hali, ana kai takardar shaidar rashin ƙarfi daga meri. Ba ya ɗauke komai, amma mutane da yawa ba su ma san da shi ba.

Hajiya ta Sabon Gari: Mushe in za ku tahi ku yi sammako, bayan asuba. Ka tahi da ruwa da tabarma, kuma ka bar ƙaramar wajen maƙwabta, kada a kai ta cikin masu tari.

Baban Halima: Assalamu alaikum. Ku gafarce ni kwana shida shiru, ban zauna ba. Mun bi yadda Baba ya ce. Majon CSI da ya ji labari bai ma gama duba ordonansin ba ya rubuta takardar turawa. A asibiti lokotoro ya zaunar da ita ya yi mata tambayoyi sun fi na minti ashirin, ya taɓa wuyan, ya sa aka auna nauyinta, kilo 46, ita da take 57. An ba ta ɗan gwangwanin roba ta kawo majina, an yi radiyo. Tarin fuka ne, a huhu da kuma kaluluwar. Sun ce ƙwayar tana jin magani. Ɗaya gwajin mun yi mu biyu, babu komai, alhamdu lillahi. Ta fara shan magani shekaranjiya, ban biya ko dala a kansa ba. Radiyo da ganin likita na biya da kaina don takardar ba ta fito ba tukuna, Sakatare saura sa hannu ɗaya. Da muka fito ta zauna kan benci ta yi kuka, ta ce ita dai ta gode Allah da aka daina ce mata tifoyid. Amma yau da safe ta kira ni a firgice, fitsarinta ya koma ja. In mayar da ita?

Baba Majo: Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. A'a ɗana, wannan rifampicine ne, haka yake rina fitsari, har gumi da hawaye wani lokaci. Ba jini ba ne. Abin da za ka maida ta a kanshi da gaggawa: in idonta ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ƙuraje sunka feso mata, ko ta ce ganinta ya ragu. Ta sha da sahe kafin ta ci komai. Nan da sati uku ko huɗu za ta ji kamar ta warke, to nan ne mutane ke yar da magani, kai ne za ka tsaya mata har wata shidan ya cika. Za a sake gwada majina a ƙarshen wata na biyu, da na biyar, da na shida, kada ku tsallake ko guda. A buɗe tagogi, ta riƙa zama waje cikin iska, ta rufe baki da gyale in za ta yi tari. Ba sai an ware mata kwano ba, a iska yake tahiya ba a abinci ba, kuma bayan kamar sati biyu tana shan magani haɗarin yana raguwa ƙwarai.

Ungozoma: Barka Mushe. Ka ce mata in tana shan ƙwayar tazarar haihuwa ko tana da ashanar hannu, ta faɗa wa masu ba ta magani, don rifampicine yana rage musu ƙarfi. Ta zo a canja mata wata hanyar kafin ta gama.

Alhaji mai Jibiya: Barka da arziki Mushe. Na ji daɗi wallahi. Ka turo mini lambarka ta gefe, akwai wake da man gyaɗa da zan aiko mata.

Ɗalibar likitanci: Kawu yaran fa? Musamman mai shekara biyun da ke kwana da ita. Ƴan ƙasa da shekara biyar ana duba su, in ba su kamu ba a ba su maganin kariya.

Baban Halima: Sun faɗa mini ƴata. Ranar Litinin zan kai su duka ukun, ni ma an ce in kawo tawa majinar. Na nemi izini wajen darekta, wani abokin aikina zai riƙe mini ajin da safe.